Babi na Uku: Rediyon da Ba Ya Cin Batir

Duk mai sauraron rediyo ya san kuɗin batir. Mai gadi ya sani, makiyayi ya sani, haka dattijon da ke jingina akwatinsa da bango bayan isha'i yana jiran labaran duniya. Da zarar murya ta fara shaƙewa an san batir ya yi sanyi, sai a ciro shi a shanya a rana ko zai ƙara kwana ɗaya. Saboda haka idan ka ce wa mutum akwai rediyon da ba a sa masa batir, ba a jona shi da wuta, ba ruwansa da sola, kuma yana magana dare da rana, sai ya ƙare maka kallo kafin ya ce komai. Rediyon kuwa yana nan, ya ma girmi duk waɗanda muke saurare yanzu, kuma ɗan sakandare zai iya haɗa shi a kan guntun katako tsakanin azahar da magariba, in dai kayan sun samu.

Ƙarfinsa daga tashar yake zuwa. Gidan rediyo yana zuba wutar dubban wat a cikin dogon ƙarfen eriyarsa, ita kuma ta bazu ta kowace kusurwa a matsayin igiyar rediyo. Duk ƙarfen da wannan igiya ta ratsa sai ta ɗan motsa lantarkin da ke cikinsa, ko kwanon rufin ɗaki ne, ko wayar shanya, ko shingen lambu. Abin da ke isowa gidanka bayan tafiyar kilomita masu yawa bai taka kara ya karya ba, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na wat ɗaya ba. Sai dai Allah ya yi kunnen ɗan Adam da ji ƙwarai, wannan ɗan abin ya ishe shi, muddin ba a zubar da shi a hanya ba. Aikin mai haɗa irin wannan rediyo ke nan gaba ɗaya: ya tattaro abin da ya samu daga iska, ya kai shi kunne ba tare da asara ba. A rediyon kanti, batir yana rufa wa mai ƙira asiri, in siginar ta yi rauni a ƙara mata ƙarfi. A nan babu mai rufa maka asiri. Waya ɗaya ta yi tsatsa, ko ka ɗaura ta sakwa-sakwa, sai murya ta ɗauke. Shi ya sa nake ganin babu malamin da ya kai shi koya wa mai farawa yadda rediyo yake aiki.

Tarihinsa ya faro ne daga duwatsu. A 1874 wani Bajamushe masanin kimiyya, Karl Ferdinand Braun, ya lura cewa wasu ma'adinai suna barin lantarki ya wuce ta gefe ɗaya cikin sauƙi, amma su tare shi in ya juyo. An ɗauki shekaru ba a san abin da za a yi da wannan ba, har Jagadish Chandra Bose a birnin Kalkata na Indiya ya yi amfani da irin dutsen wajen kama igiyar rediyo, ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1901. A 1906 Greenleaf Pickard ya yi rajistar nasa da silikon. Amma abin bai shiga gidajen talakawa ba sai da tashoshi suka fara watsa magana da kiɗa ga kowa da kowa. Tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta karanta sakamakon zaɓen shugaban Amurka a daren 2 ga Nuwamba 1920, BBC kuma ta fara daga Landan a Nuwamban 1922. Rediyo mai kwan lantarki yana da tsada a lokacin, ga batura masu nauyi. Sai mutane suka koma haɗa nasu. A 1922 hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka da kanta ta buga 'yar takarda tana koyar da yadda za a yi shi a gida, yara kuma suka riƙa naɗa waya a jikin kwalin hatsin Quaker Oats bayan an cinye abin da ke ciki.

Dutsen da aka fi amfani da shi a wancan zamani ana kiransa galina, haɗin dalma ne da farar wuta, launin toka mai ƙyalli, yana farfashewa da kusurwoyi a miƙe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tabarmar ɗan koli ya gan shi. Shi ne dutsen kwalli, wanda iyayenmu mata ke niƙawa su zuba a tandu, kuma ana haƙo shi a Najeriya tun da daɗewa, a wurare irin su Zurak da Abakaliki. Wato abin da Bature ya riƙa aikawa a sayo masa a cikin ɗan ƙoƙon ƙarfe, mu yana kasuwarmu ta ƙauye. Ka zaɓi wanda ba a niƙa ba, ka fasa shi don ka sami sabuwar fuska mai sheƙi, kada ka taɓa fuskar da yatsa domin maiƙon hannu yana dakushe ta. Ka maƙale guntun da bai wuce ƙwayar masara ba a cikin ɗan matsin ƙarfe, sannan ka lanƙwasa siririyar waya mai ɗan tsauri ta yadda bakinta zai sauka a kan dutsen a hankali. Ba ko'ina ne ke kamawa ba. Za ka riƙa ɗagawa kana saukewa, nan shiru, nan shiru, can sai ka ji murya ta ɓullo, in kuma wani ya bugi teburin ta ɓace ka sake nema. Dole in ja kunne a nan: dalma guba ce. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Kada ka niƙa shi, kada ka sa a baki, ka wanke hannu da sabulu bayan aiki, ka kuma ajiye shi inda ƙananan yara ba za su kai ba.

Me dutsen yake yi? Tashar matsakaicin zango tana aiko da igiyar da ke kai da komowa da saurin gaske. Rediyon Najeriya Kaduna, alal misali, ya daɗe yana watsa shirye-shiryensa na Hausa a kan kilohaz 594, ma'ana igiyar tana juyawa sau 594,000 a daƙiƙa ɗaya, tsawon kowane zango kuma ya ɗan haura mita 500. Muryar mai gabatarwa ba ta canza wannan sauri, girman igiyar take ƙarawa tana ragewa. In ka kai igiyar kai tsaye ga abin sauraro ba za ka ji komai ba, domin kafin fatarsa ta motsa gaba an riga an ja ta baya, turawa da ja sun cinye juna. Dutsen yana yanke rabin ne, ya bar turawa kawai. Abin da ya rage sai ya riƙa hawa da sauka daidai da muryar da aka ɗora, kunne kuma ya ji. Yau akwai ɗan ƙaramin abu mai jikin gilashi da ake kira dayod wanda ke wannan aiki ba tare da lalube ba, kuma shi nake ba mai farawa shawara ya fara da shi, ya bar kwalli sai ya tabbatar komai yana aiki. Amma ba kowane dayod ba. Na silikon, irin su 1N4007 da 1N4148 da suka cika shagunan masu gyara, ba sa buɗewa sosai sai wutar ta kai wajen bolt 0.6, siginarmu kuwa ba ta kai nan. Na jameniyom ake nema, 1N34A ko 1N60 ko OA79, waɗanda ke buɗewa tun daga wajen 0.2 zuwa 0.3. In kana da mitar awo ka gwada kafin ka biya. In ba a samu sabo ba, tsofaffin rediyoyi suna da shi a ciki. Ba ya son zafi, don haka ka riƙe ƙafarsa da filaya lokacin da kake liƙa shi da dalma, ko ka ɗaure shi da kusa mai zare kawai.

Saura zaɓen tasha. Eriya ba ta da zaɓi, duk abin da ke iska kwasowa take yi. Masu tacewa su ne kwayil da kwandansa in an haɗa su gefe da gefe. Lantarki yana zuba daga ɗaya zuwa ɗayan yana dawowa, kuma kowane haɗi yana da saurin da ya fi so. Ka tuna yaro a kan lilo: in kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ɗan turi kaɗan yana kai shi sama, in kuwa ka saɓa lokaci sai ka tsayar da shi. Tashar da saurinta ya dace da na haɗin ita ce ke girma, sauran su dushe. Murɗa kwandansa canza wannan sauri ne, kuma shi ne abin da hannunka yake yi tun kana yaro duk lokacin da ka murɗa neman tasha.

Kwayil ɗin da kanka za ka naɗa, kuma a nan ne daɗin aikin yake. Ka sami guntun bututun roba na masu aikin famfo, mai faɗin inci 2, tsawon kamar taƙi ɗaya. Wayar jan ƙarfe mai rufin fenti, kaurin rabin milimita, tana wajen masu naɗin fanka da janareto, mita 25 ta isa har da saura. Ka huda ƙananan ramuka biyu a bakin bututun ka zura bakin wayar don ta kama, sannan ka riƙa juya bututun da hannu ɗaya kana danne wayar da babban yatsan ɗayan, kowane zagaye ya kwanta a jikin ɗan'uwansa, kada ya hau, kada ya bar giɓi. Ka riƙa ƙirgawa. Bayan kowane zagaye 20 ka ɗan murɗe wayar ta yi kunne ta fito waje, ka ci gaba. In kwandansarka irin ta dā ce mai faifan alminiyom da ke shiga tsakanin juna, wadda ke kai fikofarad 365, zagaye 80 zai ba ka kusan dukan matsakaicin zango, daga wajen kilohaz 540 zuwa sama. In kuwa ƙaramar nan ce ta roba mai kusurwa huɗu da ke cikin rediyon aljihu, ƙarfinta bai kai haka ba ko da ka haɗa ɓangarorinta biyu, sai ka kai zagayen wajen 115. Da ka gama ka ɗiga kakin kyandir a bakin farko da na ƙarshe don kada ya warware. Sannan ka kankare fentin da ke bakin kowace waya da kowane kunne da reza har jan ƙarfen ya fito fes. Yawancin rediyoyin da suka ƙi magana a ranar farko, wannan fentin ne ya hana su.

Wanda ba ya son naɗi yana iya zuwa wajen 'yan jari-bola ko tsohon mai gyaran rediyo ya sayi mataccen akwati, ya ciro baƙin sandan nan mai naɗin waya tare da kwandansar da ke kusa da shi, tunda dama an yi su ne don juna. Yana aiki. Ni dai na fi son a naɗa, domin wanda ya ƙirga zagaye da hannunsa, ya rage goma ya ga tasha ta matsa, ya fahimci abin da karatu kaɗai ba zai ba shi ba.

Haɗin kansa gajere ne. Ƙafafun kwandansa biyu su kama bakin kwayil biyu. Bakin kwayil na ƙasa ya tafi ga wayar ƙasa, wato wadda za ta shiga cikin ƙasa. Dayod ya tashi daga ɗaya cikin kunnuwan nan, ɗaya ƙafarsa ta shiga abin sauraro, ɗaya wayar abin sauraron ta koma bakin ƙasa. Eriya ta kama wani kunnen. Amfanin kunnuwan shi ne ciniki tsakanin ƙara da tsabta. In ka ɗaura eriya da dayod can sama, murya za ta fi ƙarfi amma tashoshi biyu na iya cakuɗewa. In ka sauko da su ƙasa, murya ta ragu amma kowace tasha ta tsaya a wurinta. Babu lambar da za ta dace da kowane gida, sai ka gwada.

Abubuwa uku ne suke yanke hukunci a ƙarshe, kuma duk ba a kan katakon suke ba. Na farko eriya. Waya ce kawai, kowace iri, mai tsawon mita 20 zuwa 30, a ɗaga ta sama iyakar iyawa, daga dogon yaro ko darbejiyar ƙofar gida zuwa saman soro. Kada ta taɓa reshe ko kwano, ka ɗaure bakinta da igiyar roba ko wuyan kwalba a tsakani. Kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wutar lantarki ko kusa da ita, ko da an shekara ba a kawo wuta ba. Da damina kuma, da ka ga hadari ya haɗo, ka cire ta daga rediyon ka haɗa ta kai tsaye da wayar ƙasa a waje, ka bar wurin. Wannan ba abin wasa ba ne.

Na biyu wayar ƙasa, wadda littattafan ƙasashen sanyi ke wucewa a layi ɗaya, domin ƙasarsu a jiƙe take kuma bututun ruwansu na ƙarfe ne. Mu a nan, daga Disamba zuwa Afrilu ƙasa ta bushe ƙayau, rairayi busasshe kuwa ba ya ɗaukar lantarki. Ka sami rodi ko bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi, ka kafa shi inda ruwa ba ya yankewa: gindin randa, bakin makwararar wurin alwala, ko inda ake wanke-wanke. Ka goge tsatsar wurin da za ka ɗaura wayar, ka matse ta sosai. In kana saurare wani ya juye bokitin ruwa a gindin rodin, sau da yawa za ka ji muryar tana ƙaruwa yayin da ruwan ke nutsewa.

Na uku abin sauraro, kuma shi ne ya fi ba mutane wahala. Iyafis ɗin wayar hannu ƙarfin tarewarsa om 16 ne ko 32, yana son wuta mai yawa, in ka jona shi kai tsaye zai shanye siginar ba ka ji komai ba. Abin da ake so shi ne mai tarewa da yawa, irin tsohon na kai mai om 2,000, ko ɗan ƙaramin nan na kiristal mai shiga kunne ɗaya, wanda ake ɗaura masa rizisto na om 47,000 a tsakanin wayoyinsa biyu. In babu su, ga dabara: ka nemi tsohuwar adafta mai nauyi, ta zamanin rediyo mai kaset, ka ciro taransifomar da ke ciki mai mayar da bolt 220 zuwa 6 ko 9. Gefen 220 ya kama dayod da ƙasa, gefen 6 ya kama iyafis. Ba za a jona ta da wuta ba sam, aikinta kawai ta daidaita tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Cajar waya ta zamani marar nauyi ba ta da irin wannan taransifoma, kada ka ɓata lokacin fasa ta.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa tun kafin mutum ya sayi waya. Wannan rediyo ba ya kama FM, inda yawancin tashoshinmu suka koma tun bayan da gidaje masu zaman kansu suka yawaita. FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma a can saurin igiyar ake canzawa da murya, girmanta yana nan yadda yake, don haka dayod ɗaya ba shi da abin da zai ciro cikin sauƙi. Tashoshin matsakaicin zango kuwa suna ta raguwa, domin injinansu suna shan wuta da mai. Abin yana damuna, ba don sha'awar haɗe-haɗe kaɗai ba: FM ba ta nisa, matsakaicin zango da gajeren zango ne ke kai labari ruga da ƙauyen da ke bayan dutse. Kafin ka fara, ka ɗauki rediyo na kanti ka mayar da shi AM, ka bi daga farko zuwa ƙarshe da rana, ka sake bi da dare. Tashar da ta shigo da ƙarfi ba shuu, ita ce za ka fara nema. Wanda ke kusa da Kano ya duba wajen kilohaz 729, inda aka san Rediyon Kano.

Dare ya fi rana albarka. A sama, tsakanin kilomita 60 zuwa 90, hasken rana yana samar da wani shimfiɗi na iska mai lantarki da ke shanye igiyar matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ya watse, igiyar ta haura ta bugi shimfiɗin da ke samansa ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Shi ya sa bayan isha'i za ka iya jin Larabci ko Faransanci yana tasowa yana nutsewa a inda da rana babu komai. In ka naɗa wani kwayil ɗin mai zagaye 12 kacal, da ɗan tazara tsakaninsu, za ka hau gajeren zango, wajen mita 49 da 41, inda manyan tashoshin duniya suke, kuma a daren da yanayi ya yi kyau dayod ɗaya yana kamo su.

Da kayan sun yi ƙaranci ma an yi shi. A 1944 sojojin Amurka da aka tsare a gaɓar Anzio ta Italiya sun haɗa irinsa a cikin ramukansu da reza da bakin fensir da fil, suka saurari tashar Rum. Rezar wancan lokaci tana da wani shuɗin rufi a jikinta, shi ne ke aikin dutsen. Ta yanzu marar tsatsa ba ta yi, sai dai ka sami ta baƙin ƙarfe ka gasa ta a wuta har ta yi shuɗi. Wannan siririyar waya a kan dutse kuma ba ta tsaya a nan ba. A Disamban 1947, a ɗakin binciken Bell na Amurka, John Bardeen da Walter Brattain sun sauke baki biyu na zinariya kusa da juna a kan guntun jameniyom, suka ga ƙaramar wuta a ɗaya tana juya babba a ɗayan. Taransista ke nan, wadda biliyoyinta ke cikin wayar da ke aljihunka.

Ita za mu ƙara a babi na gaba. Taransista ɗaya irin BC547 da batir ɗaya za su ɗaga muryar har iyafis na yau da kullum ya ji, ɗan ƙaramin TA7642 mai ƙafa uku kuma, wanda ke aiki da bolt 1.5, zai sa ka daina buƙatar doguwar eriya. Kada ka warware kwayil ɗinka, kada ka cire rodin, duk za mu yi amfani da su. Kafin nan ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka saurara, da lokaci, da kunnen da eriya take, da inda kwandansa ta tsaya, da abin da ka ji, domin da shi za ka auna ko ƙarin da za mu yi ya ƙara wani abu.